Biyar da Minti Ashirin da Biyu

Alhamis, 27 ga Maris, 1997, ƙarfe 7:50 na yamma

An gama. Dean Hallas ya zama ɗan wasan gaba na Marlby Town, aro har ƙarshen kaka, kuma ni na aika takardunsa da hannuna. Yau ce ranar rufe rajista. Duk wanda takardarsa ba ta isa hukumar gasa kafin ƙarfe biyar ba, ba shi ba taka leda bana.

Ban zaci aikin zai faɗo a kaina ba. Ranar 10 ga Fabrairu aka ɗauke ni mataimakiyar sakatare, takardar digirina ta tarihi ko firam ban sa mata ba tukuna. Mista Firth, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana sakataren kulob, yana asibiti tun Litinin, an yi masa aikin ƙugu.

Hallas ya makara a hanya. Likita ya duba shi a tsaye, Hallas ya sa hannu a wuri huɗu, na kwashi takardu na ruga ɗakin baya inda na'urar fakis, mai aika takarda ta layin waya, take. Ɗakin ba taga, ba agogo, gilashin na'urar mai nuna lokaci ma ya daɗe da mutuwa, agogon hannuna kuma yana wurin gyara. Na ɗaga murya na tambayi Mista Crowther, shugaban kulob, ƙarfe nawa.

"Akwai lokaci, yarinya, ki aika kawai!"

Shafi uku. Na biyu ya maƙale, na sake. Suka tafi. Na zauna nan na yi kwafin kwantiragi, na yi ta buga waya ina nema wa Hallas ɗakin haya, ban fito ba sai 5:45. Shayin da Doreen mai wankin riguna ta ajiye mini ya yi sanyi, na shanye shi haka nan, kuma ban taɓa shan mai daɗinsa ba.

Mu ne na 24 cikin 24, maki 33. Dunsgate na samanmu da 35. Wasa bakwai suka rage. Na ƙarshe shi kaɗai ke faɗuwa daga gasar ƙwararru.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe 6:30 na yamma

Kunnen doki a waje, 1-1. Hallas ne ya farke, minti na 81.

Lahadi, 30 ga Maris, ƙarfe 9:15 na safe

Ista. An shiga lokacin bazara, Baba yana ta zagaya gida yana tura agogo gaba da awa ɗaya, yadda duk ƙasar ke yi yau, sai ƙarshen Oktoba a mayar da shi baya. Ya manta na kicin, kamar kowace shekara. Na tuna masa.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe 7:05 na yamma

1-0 a gida! Hallas, da ka, daga bugun kusurwa. 'Yan kallo 3,412. Na hango Baba a bayan raga ta wajen kogi, inda yake tsayawa tun kafin a haife ni, yana rungume da wani mutum da na san shekara goma ba sa ga maciji.

A hanyar gida ya sayo mana kifi da soyayyen dankali. Duk wanda muka gamu da shi sai ya nuna ni. "'Yata ce ta yi masa rajista. Da hannunta." Na ce Baba, fakis kawai na aika. Ya ce to ai ba fakis, ba ƙwallo.

Da safe na hau kujera na gyara agogon bangon ofis.

Asabar, 12 ga Afrilu, ƙarfe 6:40 na yamma

Ban rubuta na makon jiya ba saboda an ci mu 3-0. Yau 2-1, duka biyun Hallas. Muna da 40, Dunsgate 37. Karon farko tun Nuwamba da sunanmu ba shi ne a ƙasan teburi ba. Na yanko shi daga jaridar yamma na liƙa a nan.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe 1:20 na rana

Wasiƙa daga hukumar gasa. Zan rubuta abin da ke ciki sau ɗaya, ba zan sake ba.

Dunsgate sun nemi a binciki duk rajistar da aka yi ranar rufewa. A saman takardar Hallas da ta isa can, layin da na'urarmu ke bugawa ya nuna 17:22. Minti ashirin da biyu bayan wa'adi. Suna son bayani a rubuce, tare da 'yar takardar shaidar aikawa, kafin ƙarfe biyar na Juma'a 25 ga wata. Idan ta tabbata, za a cire duk makin da muka samu da shi a fili. Maki bakwai zuwa yau. Mu koma 33.

Duk fakis ɗin da aka aika, na'urar kan fitar da 'yar shaida, a jefa ta cikin wani kwalin takalmi a ƙarƙashin tebur. Na nemo tamu. Abin da suka ce, shi ne a kai.

Ni ce nake rubuta har mintin da bas ɗina ya iso kowace safiya. Ranar nan kaɗai ban rubuta komai ba sai "akwai lokaci".

Laraba, 16 ga Afrilu, ƙarfe 8:30 na safe

Na zo da wuri na gwada agogon na'urar. Na aika farar takarda zuwa shagon ɗab'i na kan kwana, na gwama shaidar da agogon bango da na rediyo. Daidai, ko minti ɗaya bai kuskure ba. Na gwada sau uku.

Doreen ta leƙo da kwandon riguna a ƙugu. "'Yar nan, fuskarki kamar an wanke ta da farin kaya. Saurayi ne?"

Na ce a'a.

"To ciki ne ya ɓaci? Na ce miki ki daina cin abin da suke sayarwa a bayan raga, naman nan ba wanda ya san sunan dabbar."

Na yi dariya don ta tafi.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe 5:35 na yamma

Na kai wa Mista Crowther. Ya karanta a tsaye, ya rufe ƙofa, ya sake karantawa a zaune.

"Wa ya ga wannan?"

"Ni kaɗai, Yallaɓai."

"Madalla. Ki rubuta musu cewa kin dubi agogo, biyar saura goma ne. Na'ura ta haukace, shi ke nan."

Na ce babu agogo a ɗakin, kuma na gwada na'urar, lafiyarta ƙalau. Na ce shi ne ya ce mini akwai lokaci, ko ya tuna ƙarfe nawa ne?

"Ni waya biyu ce a kunnena ran nan, ina na san ƙarfe nawa? Abin da ake faɗa ke nan kawai." Ya dube ni. "An koya miki tarihi a jami'a, ko? To ga tarihi. Shekara saba'in da shida muna cikin gasar nan. Mutum arba'in ke ci daga filin nan. Kina so a ce 'yar Ted Oldroyd ce ta rufe shi?"

Da ya gama kiran sunan Baba, sai ya miƙo mini wasiƙar ya ci gaba.

"Kwalin nan na takalmi, shara ce. Ofis ya cika da tarkace. Motar shara gobe take zuwa. Kuma kada ki je ki ɗaga wa Firth hankali, ciwonsa ya yi ruwa, likita ya ce a bar shi ya huta."

Juma'a, 18 ga Afrilu, ƙarfe 7:10 na safe

Motar shara ta zo 6:55, ta tafi 6:58. Kwalin ba ya ofis. Ba zan rubuta inda yake ba.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe 7:30 na yamma

0-0 a waje. Mista Crowther ya ce dole Hallas ya buga, ajiye shi amsa laifi ne. Dunsgate sun ci. Mu 41, su 40. Ko kuma mu 33. Yanzu teburi biyu nake lissafawa, ɗaya na jarida, ɗaya nawa.

A bas ɗin dawowa Hallas ya zo ya zauna kusa da ni, ya miƙo mini alewa. Ya ce matarsa ta zo ta ga garin, ta ce ba laifi, akwai makaranta kusa da gidan hayar. Ya ce idan muka tsira za su ba shi shekara biyu. "Shekarata talatin da uku, Malama Hazel, gwiwar nan ta gaji da sauya gari."

Alewar tana aljihuna.

Lahadi, 20 ga Afrilu, ƙarfe 4:00 na yamma

Baba yana fenti a ƙofar lambu yana waƙar kulob. Ya tambaye ni me ya sa ba na cin abinci. Na ce lissafi nake.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe 6:15 na yamma

Na gwada rubuta abin da Mista Crowther yake so. Na kai "na dubi agogo" na tsaya. Na gwada sau uku. Ba wai ni ta kirki ba ce. Hannuna ne kawai ba ya iya rubuta lambar da ban gani ba.

Na rubuta wasiƙa biyu. Ɗaya ga hukuma: ban san lokacin ba, ga shaidar, laifin nawa ne ni kaɗai, ina roƙon a duba cewa sabuwa ce ni. Ɗaya ta ajiye aiki. Abin mamaki, da na liƙe su sai na ji yunwa. Na ci ƙwai biyu.

Gobe zan je asibiti kafin in aika. Ba na so Mista Firth ya ji a rediyo.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe 5:20 na yamma

Zan rubuta wannan a hankali.

Na isa 2:05. Mista Firth ya rame, amma tabaransa na kan hanci, jarida a buɗe a shafin teburi. Na kai masa inabi. Ya ce inabi na masu mutuwa ne, ina biskit?

Na zauna na faɗa masa komai a jere, da kwanan wata. Na yi niyyar kada in yi kuka, kuma na kusa cika niyyar. Na miƙa masa shaidar. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa.

"Wace rana ce wannan?"

"27 ga Maris."

"Kafin Ista?"

"Da kwana uku."

Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Na zaci ciwo ne, na miƙe zan kira nas. Ashe dariya yake.

"Wayyo ɗinkina. Zauna, Malama Oldroyd, kada ki kashe ni. Wa ya ce miki ana gyara agogon na'urar nan?"

Na ce ai na gwada shi, daidai yake.

"Yaushe kika gwada?"

"16 ga Afrilu."

"To ai a Afrilu daidai yake! Daga Ista zuwa Oktoba ba agogon da ya kai shi gaskiya a garin nan. Idan kowa ya mayar da nasa baya don hunturu, shi yana nan a bazara abinsa. A 1991 na ce zan gyara shi, na danna wani abu, ya goge mini lambar kowace ƙungiya a ƙasar nan. Kwana biyu ina sake shigarwa da yatsa ɗaya. Tun ran nan na rantse ba mai taɓa shi. Duk hunturu awa ɗaya yake gaba."

Na yi lissafin a baki, kamar 'yar firamare. Sha bakwai a cire ɗaya.

"Huɗu da minti ashirin da biyu," na ce.

"Saura minti talatin da takwas. Ni ban taɓa aikawa da wuri haka ba."

Na ce me ya sa ba wanda ya faɗa mini? Ya ce wa zai faɗa, shi kaɗai ke shiga ɗakin nan. "Crowther bai san inda ake kunna ta ba. Na'urar nan rabin shekara take faɗin gaskiya, ta fi shi da wata shida."

Mutumin gadon kusa, wanda na zaci barci yake, ya ce, "Da wata bakwai." Ashe shi ma ɗan kallon bayan raga ne.

Sai Mista Firth ya daina dariya. Ya ce hukuma ba za ta karɓi maganar tsoho mai sabon ƙugu ba, sai da hujja. Duk Asabar ɗin da muke gida, wajen biyu da kwata, yana aika wa jaridar yamma sunayen 'yan wasa kafin a take ƙwallo ƙarfe uku. Shaidun duka suna cikin kwali. "Ki jera su, za ki gani. Kwalin yana nan dai?"

Na shiga gyara ledar inabin.

"Malama Oldroyd. Kwalin yana nan?"

"Yana ƙarƙashin gadona, Mista Firth. An ce in zubar."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin zanen gado. Bai tambayi wanda ya ce ba. Ya ce in ba shi inabin.

Laraba, 23 ga Afrilu, ƙarfe 7:45 na yamma

Na baje kwalin a kan teburin cin abinci. Shaidu 614. Na ware na Asabar a gida, goma sha bakwai.

Shida na kafin 27 ga Oktoba, ranar da aka mayar da agogo baya: tsakanin 14:09 da 14:20. Goma na hunturu: tsakanin 15:08 da 15:19, wato bayan an take ƙwallo, lokacin da mutum dubu uku za su rantse Mista Firth yana kujerarsa yana zagin alƙalin wasa. Na 12 ga Afrilu, wanda ni na aika: 14:12. Na duba sau uku. Karo na uku don daɗi kawai na yi.

Baba ya shigo ya tarar ba wurin ajiye faranti. Na faɗa masa. Duka, har da wasiƙar ajiye aiki. Ya zauna a hankali, hularsa a gwiwa.

"Kwana takwas kina ɗauke da wannan, ina nan ina miki waƙa?"

Na ce ban so ya ji kunya a bayan raga ba.

"Haz, ni na ga an ci mu ƙwallo tara a filin nan ina tsaye cikin ruwan sama. Wace kunya ta rage?" Ya ɗauki shaida ɗaya ya juya ta. "Da aikawa za ki yi? Ta gaskiyar?"

Na ce e.

Ya gyaɗa kai ya tashi ya ɗora ruwan shayi. Daga kicin ya ce, "Da wata shida ba zan yi miki magana ba." Can kuma ya ce, "Ko uku."

Alhamis, 24 ga Afrilu, ƙarfe 11:40 na safe

Na aika: wasiƙa, jadawalin shaidu goma sha bakwai, kwafin jaridun ranakun daga laburare, da roƙon su duba rajistar tasu na'urar, wadda ke rubuta lokacin isowar saƙo da nata agogon. Shafi tara. An gama 11:26, bango da rediyo da na'ura duk sun yarda.

Mista Crowther ya karanta kwafin. Ya ce, "Kin gani? Ai na ce miki na'ura ce." Sannan ya ce, "Ashe ba ki zubar da kwalin ba." Na ce na manta, Yallaɓai. Ƙaryar da na iya yi a watan nan ke nan.

Juma'a, 25 ga Afrilu, ƙarfe 3:55 na yamma

Sun bugo 3:31. Rajistarsu tana naɗe a wani ofis dabam, sai yau aka warware ta. 16:22. An rufe magana, wasiƙa na tafe.

Na ajiye waya na shiga ɗakin wanki na zauna a kan kwandon tawul. Doreen ba ta tambaye ni komai ba, ta miƙo mini safa in haɗa mata biyu-biyu. Mun yi ashirin da biyu kafin ta ce, "To, ya dawo ke nan? Saurayin?"

Na ce ya dawo.

"Kada ki yarda da shi. Ɗauki biskit."

Na shanye alewar Hallas. Ta ɗan narke.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe 6:50 na yamma

1-0. Ba Hallas ba ne ma, ɗan bayan abokan karawarmu ne ya ci gida, ƙwallo ta bugi gwiwarsa ta gangara raga kamar ba ta so. An ci Dunsgate 2-0. Mu 44, su 40, wasa ɗaya ya rage. Ba za su kamo mu ba. Teburi ɗaya ne yanzu.

'Yan kallo 4,870. Sun cika fili bayan tashi, sun ɗaga Hallas sama, takalminsa ɗaya ya ɓace. Ban sauka ba. Na tsaya a tagar ofis na buga wa asibiti waya, nas ta kai wa Mista Firth, na fitar da kan wayar ta taga don ya ji. Da na mayar kunnena sai na ji yana faɗa wa na gadon kusa, "Yi mini shiru, ina aiki."

Na ɗan tuna sakataren Dunsgate. Ban san shi ba. Ina fata yana da wanda zai ɗora masa ruwan shayi.

Litinin, 28 ga Afrilu, ƙarfe 9:20 na safe

Na yaga wasiƙun nan biyu. Kwalin ya koma ƙarƙashin tebur.

Na samo littafin na'urar a bayan kabad, shafi na 31 ya yi bayanin gyaran agogo, layi huɗu ne kacal. Na karanta sau uku. Na ɗora yatsa a kan maɓallin. Sai na tuna lambobin ƙungiyoyi casa'in da ɗaya da ke ciki, na janye hannuna.

Na yanko kwali na rubuta da manyan baƙaƙe: DAGA ƘARSHEN OKTOBA ZUWA ƘARSHEN MARIS, A CIRE AWA ƊAYA. Na liƙa a goshinta da salatif, na sa hannu da kwanan wata. Doreen ta tsaya a bakin ƙofa ta karanta.

"Wa kike rubuta wa, 'yar nan? Ai ke ce a nan."

Na ce na sani. Na sayo agogon bango ma, Baba zai zo da guduma ƙarfe goma.